Sunan Talle a Rajistar 'Yan Albasa

Kwana arba'in da rasuwar mijinta Talle, Mamuna ta je ofishin ƙungiyar 'yan albasa a Aboabo don a mayar da rumfarsa sunanta. Da wannan rumfar take ciyar da 'ya'ya huɗu.

A can ta tarar da Najiba, 'yar yayanta, wadda aka ɗauka ta sabunta rajistar ƙungiyar. Najiba ta sa wata manhaja ta leƙa tsohon rumbun bayanansu, manhajar ta kwafo tsarinsa da kanta, ta rubuta yadda kowane suna yake haɗe da wani. Najiba tana cikin karantawa sai ta ɗago kai ta kira Mamuna.

"Gwaggo, matso ki gani. Wanda ya gina abin nan tun farko bai ware wa mata gurbin kansu ba. Sunanki a jikin na Baba Talle yake rataye, haka rumfar."

"To, sai me?"

"Ranar da aka cire shi, ke da rumfar za ku bi shi. Za ta fito a jerin marasa mai ita, a ba wani."

"Ke da kika yi boko, gyara mana."

"Sai shugabanni sun yarda, kuma ba za su zauna ba sai bayan Sallah."

Sai ga sakatare a bakin ƙofa yana gyara hula.

"Hajiya, ya ƙarin haƙuri? Yau muke cire mamata. Kin zo da takardar rasuwar?"

Takardar tana cikin jakarta. Mamuna ta danne jakar a hammata.

"Ban samo ba tukuna," in ji ta.