Dutsen Ƙafar Ermelinda

Don Eleodoro ya zaro zaren ulu daga aljihun kwat ɗinsa, ya shimfiɗa shi a kan teburin maƙera, ya danne bakinsa da babban yatsa.

"Daga nan zuwa ƙullin farko, faɗi ke nan. Zuwa na biyu kuma tsayi. Ba ni ƙofar gilashi daidai wannan, in kama bas ɗin sha biyu."

Nibaldo, ƙanen marigayiya matarsa, wanda ya shekara talatin yana ƙera ƙofofin murhu a garin Castro, ya tura tabaransa goshi.

"Mijin Yaya, da zare ka auno murhu? Ina tef ɗin awon da na ba ka bara?"

"Na ɗaure ƙofar garken tumaki da shi."

"Ai kuwa ya sami aiki." Nibaldo ya auna zaren, tamanin da biyu. Ya ɗan ja shi ya sake aunawa, casa'in da ɗaya. "Ka gani? Murhunka na kumbura yana saɓewa kamar tumbin Fadan coci kafin azumi da bayansa. Ulu ai miƙewa yake yi, tsoho."

Yana cikin dariya sai ya lura da zaren da kyau. Rinin ɓawon albasa ne, ruwan ɗorawa mai duhu. Wani wuri siriri, wani wuri kauri. Kaɗin yayarsa Ermelinda ne. Duk inda zarenta ya yi kauri, to hira ce ta yi daɗi ta manta da hannunta. Nibaldo ya naɗe shi a hankali ya mayar masa, bai ƙara tsokana ba. Masu magana sun ce sabo ake yi wa kuka.

Abin da ya fito da tsohon cikin wannan ruwan sama ba ƙawa ba ne. Tari ne ya kwantar da shi sati biyu a asibiti, likita ta ce huhunsa ya ƙoshi da hayaƙi. 'Yarsa Yasna ta yanke magana: ranar Lahadi za ta tsallako zuwa tsibirinsu, in ta tarar hayaƙi na shiga ɗaki, to ya haɗa kayansa sai birnin Puerto Montt. Can hawa na biyar take zaune, inda ɗumi ke fitowa daga wani farin ƙarfe a jikin bango, babu harshen wuta, babu toka, babu abin da mutum zai zuba wa ido. Ga shi yau Juma'a.

Nibaldo ya jera masa ƙofofi uku a jikin bango. Ɗaya mai baƙin gilashi, ɗaya mai adon furannin ƙarfe, ɗaya kuma garau, mai marfi biyu.

"Ɗauki baƙar nan. Tana ɓoye dauɗar hayaƙi. Gwauro irinka yaushe zai goge gilashi?"

"Wutar da ba a gani, ina amfaninta? In haka ne ai gara in bi Yasna."

"To mai furanni?"

"Na ce maka kurkuku nake nema wa wutar?"

"Sai wannan ke nan. Amma kullum da safe ka jiƙa takarda, ka dangwali toka ka goge. In ka yi kwana uku ba ka yi ba, kai da makaho ɗaya."

"Na ji. Naɗe min."

Nibaldo bai motsa ba. Ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Daga saman dutsen ka auna, ko daga ƙasa?"

"Wane dutse?"

"Haba, mijin Yaya. A gidanku na koyi shan shayin mate."

Tsohon ya juya yana kallon titi.

Shekara arba'in da bakwai ke nan da ya gina murhun da hannunsa, da duwatsun bakin teku, yana saurayi mai gaggawar aure. Gaggawa kuwa ba ta haifar ɗa mai ido. Wani faffaɗan dutse a ƙasa ta hagu ya turo kai waje kamar taƙi guda. Ya yi niyyar fasa shi bayan biki, amma daren farko amarya ta jawo kujera ta ɗora ƙafafunta a kai, ta ce, "Wannan nawa ne." Shi ke nan. A nan take kaɗi, a nan take feraye dankali, a nan ta shayar da Yasna. In ya miƙo tasa ƙafar sai ta doke ta da mazari, ta ce, "Je ka nemi naka. Wa ya hana ka yin kuskure biyu?"

Bas ɗin sha biyu ya tafi babu shi. Nibaldo ya rufe maƙera, ya kwantar da ƙofar cikin bargo a bayan a-kori-kurarsa, suka kama hanyar ƙauye.

Ɗakin na warin hayaƙin shekaru. Nibaldo ya kwashe garwashin da tsohon ya binne cikin toka, ya zuba a bokitin ƙarfe, ya jingina ƙofar a bakin murhu. Sama ta zauna, dama ta zauna. Ta hagu kuwa dutsen ya tokare ta, ya bar kafa wadda dunƙulen hannu zai shige.

"A cike ta da laka," in ji Don Eleodoro.

"Sati ɗaya ta tsage."

"To lanƙwasa ƙarfen ya zagaye shi."

"Ƙarfe zai lanƙwasu. Gilashi fa, ɗan gidanku ne, ba ya jin rarrashi."

Wayar aljihunsa ta yi ƙara. Ya ɗauka, tari ya riga shi gaisuwa.

"Baba, tari nake ji?" in ji Yasna.

"Kare ne."

"Baba, karenmu ya mutu tun bara." Ta sassauta murya. "Na gyara maka ɗaki. Ana hango teku ta taga, in ka leƙa ta gefe. Ba don in raba ka da gidan ba ne. Na binne Mama, ba na son..."

"Kawunki na nan yana sa ƙofa," ya ce. "Ki taho da yunwarki ranar Lahadi, ba da akwati ba."

Ya kashe wayar, ya daɗe a tsaye. Ba a tauna taura biyu a baki ɗaya. Ko dutsen ya bar bango, ko shi ya bar gidan, ya bar dutsen ga sanyi da ɓeraye.

Nibaldo ya ɗauko injin yanka. "Minti biyu, in aske abin da ya turo."

"Mayar da shi mota. Ba ni guduma da cizal."

"Da wannan ƙirjin naka?"

"Ni na sa shi, ni zan cire shi."

Ya durƙusa a kan buhu. Bai taɓa dutsen ba, simintin da ke kewaye da shi ya riƙa ɓantara kaɗan-kaɗan, yana hutawa yana tari. Nibaldo ya tsuguna yana kwashe ɓaraguzai da tafin hannu. Sun fi awa guda a haka. Can dutsen ya motsa kamar haƙori, suka zaro shi su biyu, lafiyayye, ko tsagewa babu.

Nibaldo ya toshe ramin da bulo, ya ɗaure ƙofar, ya mayar da garwashi ya ɗora itace. Wuta ta kama. Suka zuba ido sama suna jiran hayaƙi, ko zare bai fito ba.

"Ka tsira daga hawa na biyar," in ji Nibaldo. Suka zagaya da ƙoƙon mate sau uku, sannan ya tashi don ya kai gida da sauran haske. A bakin ƙofa ya waiwayi dutsen da ke ajiye a ƙasa. "In kai maka shi waje?"

"Bar shi."

Ƙarar mota ta yi nisa. Ruwan la'asar na sauka a kan kwano. Don Eleodoro ya zauna a kujerarsa yana kallon wutar. Ga ta nan tana rawarta, sai dai muryarta ta dushe, kamar mai magana daga wani ɗaki. A jikin gilashin kuma ga hoton ɗakin, ga kujerar Ermelinda, harsunan wuta na wasa a inda take zama. Bai san gilashi na yin haka ba. Da ya ɗauki baƙar ƙofar nan, ko mai furanni, wa ya sani.

Ƙafafunsa suka yi sanyi, don ƙofar ta tare zafin ƙasa. Ya buɗe marfi ɗaya, ya tura dutsen kusa da garwashi, ya rufe. Da ya ɗauki zafi sai ya jawo shi da tsumma, ya ajiye tsakanin kujerun biyu. Ya dube shi, ya dubi kujerarta, kamar mai jiran a doke shi da mazari. Sannan ya cire takalma ya ɗora ƙafa.

Akwai wurare biyu da suka yi sumul, suka ɗan lotsa, daidai dugaduganta. Nasa sun fi su girma. Ɗumin ya bi ƙafarsa har gwiwa.

"Ashe abin da kike hana ni ke nan, Ermelinda," ya ce. "Marowaciya."

Ya ɗan jima a haka. Sai ya matsar da ƙafafunsa gefe, ya bar rabi.