Ruwa Mai Tsatsa

Wata biyu muna zagaye da garin nan na ƙabilar Galawa da ke kan dutse, ko kusurwar ganuwarsu ba mu karya ba. Hatsi suna da shi, ga kuma wata maɓuɓɓuga da suke sha a gindin ganuwar. Da kwamanda ya gaji, sai ya ba mu kwana uku, mu masu haƙa: ko mu janye ruwan ta ƙarƙashin ƙasa, ko a hau ganuwa da tsani. Ƙanena Tullus yana sahun farko na masu hawa, ni kuwa na sha ganin yadda ake sauko da 'yan sahun farko.

Haƙar rijiya na gada, amma ramin nan ya so ya kunyata ni. Rana ta biyu muka tarar da jijiyar ruwa biyu, ɗaya dama, ɗaya hagu. Babu lokacin bin duka.

"To, sarkin ɓeraye, wacce?" in ji Balbus, shugaban rundunarmu.

Na lasa ta dama, garau. Na lasa ta hagu, sai da na tofar.

"Hagu, ranka ya daɗe."

"Wannan ƙazamin? Ko jakina ba zai sha ba."

"Ai ka gan su da idonka. Duk takobin da suka ƙwace, lanƙwasa shi suke yi su jefa wa abin bautarsu a maɓuɓɓugar, tun kakanninsu. Ruwan da ya tsiyayo daga can dole ya yi tsatsa."

Ya harare ni. "In ka ɓatar da mu, wuyanka."

Muka bi hagu, hannuwa duk kanta. Tsoro ya cika ni, ba zan ɓoye ba. Rana ta uku da tsakar rana, har an fara jera masu hawa, digata ta huda ƙasan tafkin maɓuɓɓugar. Ruwa ya kwararo da ƙarfi ya watso mu waje, mu da tsofaffin takubba lanƙwasassu. Can sama muka ji kururuwa. Maɓuɓɓugar ta ƙafe a gabansu, suka ce abin bautarsu ya juya musu baya. Kafin la'asar sun buɗe ƙofa da kansu, ba a zubar da jinin kowa ba.

Sojoji suna ta ihu suna kiran sunan kwamanda. Su kira mana! Ina kwance cikin taɓo sai ga Tullus a guje, ya ɗaga ni ya rungume.

"Yaya, wari kake yi," ya ce, amma ya ƙi sakina.