Gidan da Baba Guduma Ya Gina

Ina tsakiyar shanya wanki motar ta tsaya a bakin barikinmu na ma'aikatan jirgin ƙasa. Ita ce dai motar da ta kwashe maƙwabtanmu kafin saukar damina, ko direban bai canza ba. Gadon ƙarfen na ɗaure a sama, ƙafafunsa suna kallon sararin samaniya. Matar Baba Guduma ce ta fara sauka.

"Yaya, lafiya?" na ce.

"Lafiya lau. Kama min tukunyar nan."

Shi ne ya sauko a ƙarshe, a hankali, yana dafa ƙofar motar. Baba Guduma muke ce masa, saboda doguwar gudumar da yake saɓawa a kafaɗa kullum da safe ya bi layin dogo yana ƙwanƙwasa ƙusoshi, yana duba inda ƙarfe ya saki. Yana saurayi ya baro ƙauyensu ya kama aikin, kuma tun da aka kawo ni barikin ina amarya bango ɗaya ne tsakaninmu. Ranar da ya yi ritaya ya bi ƙofa-ƙofa yana sallama, bakinsa har kunne. Zai koma gida, ya ce, gidan da ya gina da guminsa.

Aka sauke kayan a tsakar bariki. Ƙofarsu ta dā a buɗe take, amma labulen ba nasu ba ne. Wani matashi mai sayar da tikiti a tasha aka ba wa ɗakunan. Ya fito da singileti, matarsa a bayansa da tsohon ciki.

"Baba, sannu da hanya," ya ce, yana sosa ƙeya. "Ni ma ba ni aka yi."

"Na sani, ɗana. Ni ma haka aka ba ni."

Maigidana makanikin inji ne, ba mai yawan magana ba. Ya kalli kayan, ya kalli hadarin da ke haɗuwa, ya wuce ya fara fitar da tarkacensa daga sitonmu. Ɗaki ne da ba taga, sai warin baƙin mai. Gadon ya shiga da ƙyar. Sauran kayan muka jibge a barandata muka rufe da leda.

A bakin famfo Yaya ta ba ni labari, tana wanke kwanuka ba ta dube ni ba.

"Gidan yana nan, ƙanwata. Kin san da ba ya nan da ya fi min sauƙi. Ɗaki shida, kwano sabo, har da baranda. Duk simintin da kika ga yana lodawa a jirgi, duk katakon, yana jikin gidan nan, ƙanensa bai ci ko ƙusa ba. Sai dai kowane ɗaki da mai shi. 'Ya'yan ƙanen sun yi aure a ciki, sun hayayyafa."

"To ku fa?"

"Ɗakin ajiyar taki aka share mana. Wai kafin a ga yadda za a yi. Gonar kuma an raba ta tun tsohonsu yana da rai, ba wanda ya faɗa masa. Da ya yi magana a taron dangi, matar ƙanen ta ce, ai zumunci a ƙafa yake, shi kuwa buhun siminti yake aikowa. Aka yi dariya. Yaran gidan kuwa, Baƙo suke ce masa. Baƙo ya tashi, Baƙo ya ci abinci."

Ta kife kwanon da ƙarfi.

"'Ya'yana a ƙasan gadon nan suka yi ƙuruciyarsu, kin gani da idonki. In na ce a ƙara ko rumfa ce, sai ya ce nan bariki ne, ba a gyara gidan aro."

Shi kuwa ban taɓa jin ya aibata ƙanensa ba. In maƙwabta suka tambaya, sai ya ce, "Yara ne suka yi yawa. Ina za a kai su?"

Babban ɗansu, direban tirela, ya biyo ta garin bayan 'yan makonni. Ya tsaya a ƙofar siton bai shiga ba, don ba wurin tsayuwa a ciki. Ina baranda ina jin su.

"Baba, ka tuna shekarar da aka yi wa gidan rufi?"

"Na tuna."

"Shekarar na bar makaranta. Ka ce in yi haƙuri, gidan namu ne gaba ɗaya."

Ɗan ya leƙa cikin siton, sannan ya ci gaba:

"Ɗakina ɗaya ne, ni da matata da yara. Inna zan iya matsa mata wuri. Kai ban san inda zan sa ka ba."

"Ban ce ka sa ni ko'ina ba."

"Ai ba ka taɓa cewa komai ba, Baba."

Ya ajiye musu ledar sabulu da magani ya tafi. Yaya ta raka shi har bakin titi, ta dawo idonta a bushe.

Bayan wannan ne Baba Guduma ya ari fartanya. Akwai wani siririn fili tsakanin katangar bariki da layin dogo, duk duwatsu da gwangwanaye. Ya tsince shi tas, ya yi kunya-kunya, ya shuka masara. Ban taɓa ganin mutum yana noma irin nasa ba. Shekara talatin da ɗoriya rabonsa da fartanya, amma bayansa bai manta ba. In na kai masa ruwa, sai ya ɗebo ƙasa ya murza min.

"'Yar nan, wannan ƙasa ce ta wahala, duk mai ya cinye ta. Da kin ga tamu, baƙa ce wuluk, kamar ki ci."

Masarar ta yi. Ta kai ƙirjin mutum, ta fitar da gemu. Har ya fara ƙiba a fuska.

Wata safiya 'yan gyaran layi suka iso da adduna. An ba su umarni a share duk abin da ya tsiro kusa da dogo, saboda direbobi suna kukan ba sa hango kwanar layin. Shugabansu yaron Baba Guduma ne a dā, shi ya koya masa riƙon guduma. Ya cire hularsa ya durƙusa.

"Maigida, wallahi na roƙa. Sun ce ba a bar ko kara ɗaya ba."

Baba Guduma ya je ya tsaya a kan dogo, ya tsuguna ya hangi kwanar kamar yadda direba zai hange ta. Ya daɗe a haka.

"Gaskiyarsu," ya ce. "Ba a gani. Ku sare. Ni ma na sare ta wasu, suna kuka ina sara."

Bai tsaya kallo ba. Ya mayar wa mai fartanya fartanyarsa, ya shiga sito ya kwanta.

Ba wata babbar cuta aka samu ba. Likitan asibitin ma'aikata ya ce hawan jini ne da tsufa, ya ba da ƙwayoyi. Amma abinci ya ƙi shiga. Ƙafafun da suka yi ta taka duwatsun dogo suka kumbura, har sai an ɗaga masa su. Muka riƙa barin ƙofar siton a buɗe don ya sha iska, kuma daga kan gadon ba abin da ake hange sai ƙofarsu ta dā, da matar mai tikiti tana shiga tana fita.

Ranar da zai rasu, da hantsi, ina taya Yaya juya shi. Ya riƙe mata hannu.

"In na tafi, kada ki bari a zagi ƙanena a gaban yara."

"Abin da za ka ce min ke nan?"

"Me kike so in ce?"

Ta jira. Ni ma na jira. Ya rufe ido, ya ce a ba shi ruwa. Kafin in dawo da kofi an gama.

Ma'aikata sun cika barikin, tsofaffi da sababbi. Su suka ɗauke shi, shugaban 'yan gyaran layi a gaba, yana share hanci da hularsa. A maƙabartar bayan tasha aka sa shi.

Ƙanen ya iso bayan an share makoki. Kamarsu ɗaya, har tafiyar, abin da ya sa Yaya ta kawar da kai da ta gan shi. Ya zauna a barandata ya yi kuka na gaske, ban ce na ƙarya ba ne. Da ya natsu ya ce:

"Da an aiko da wuri, ai da gida muka kai shi, kusa da iyayenmu. Mutum irin yayana a binne shi cikin baƙi?"

"Wane ɗakin za ku shimfiɗe shi?" ta ce.

Ya sunkuyar da kai.

"Gida dai gidanki ne. Ko yau kika zo, ƙofa a buɗe take."

"Na ga ƙofar. Ni na zaɓi fentinta."

Ya tashi da la'asar don kada motar ƙauye ta bar shi. Ya ajiye mata ƙullin gyaɗa, ta miƙa wa yaran bariki.

Ɗanta ya aiko cewa zai zo ya ɗauke ta in ya dawo daga tafiya. Har yanzu tana wurina. Ba ta kuka, ba ta kuma ambatonsa. Da yamma takan zauna kusa da kantar kicin tana tsince min shinkafa. In jirgin kaya ya taho, kofunan da ke kan kantar sukan fara karkarwa suna bugun juna. Sai ta miƙa hannu ta dafe su, ba ta ɗago kai ba, har taragon ƙarshe ya wuce.