Shaidun Saiwar Rawaya

Sunana Gwadabe. Hatsi nake saye da sayarwa a kasuwar Kaura Namoda tun ina da baƙin gemu. Ban yi boko ba, ban kuma ga abin da ya rage ni da shi ba. A kasuwa in na ce gero ya bushe, to ya bushe. Ba wanda ya taɓa cewa in kawo takarda.

Ɗiyata Mubaraka ita ta yi karatun. Tana koyarwa a makarantar 'yan mata. In ta taso kuma ta ɗauki waya ta shiga wani aiki da ta ɗora wa kanta, wai rubutu a kundin ilimi na intanet da Hausa. Ta ce kowa na iya rubutawa a ciki, kowa na iya gogewa. Na ce to, bangon tashar mota ke nan. Ta ce a'a Baba, akwai doka.

Na ga dokar kuwa.

A lokacin ƙanina Alamin yana kwance a gidana. Direban babbar mota ne, shi ke kai mini kaya kudu. Ya dawo daga wata tafiya idonsa ba jawur ba, rawaya fatau, fitsari kamar shayi, abinci ba ya shiga. Shawara ce, ko makaho ya sani. Na shimfiɗa masa tabarma a ɗakin zaure, na haɗa masa abin da uwarmu ke haɗawa: saiwar rawaya, a daka, a jiƙa da tsamiya, a sha safe da yamma. Na ba mutane da yawa, sun tashi.

Mubaraka ta ga ina haɗawa. Ba ta daɗe da fara rubutun nata ba, kuma ta ce shafin shawara a kundin ba shi da ko abin kirki. Ta tambaye ni, na gaya mata. Ta rubuta cewa jiƙon saiwar rawaya na warkar da shawara, a ƙasa ta sa sunana a matsayin wanda aka ji daga bakinsa. Ta karanta mini. Na ce ta sake. Da la'asar na faɗa a rumfar kasuwa, ba don alfahari ba, don su sani.

Washegari babu layin, babu sunan.

Na ce wa ya goge? Na zaci wani Bature ne a can ƙasar sanyi wanda bai taɓa ganin rawaya ba. Mubaraka ta sunkuyar da kai ta ce Doosuur ce. Doosuur mai shagon magani kusa da tashar jirgi, mutuniyar Binuwai, wadda take sayen dawa a wurina in kuma cika mata mudu har ya zube. Ashe ita ma tana cikin masu kundin, kuma ta fi Mubaraka daɗewa.

Na sa hula na tafi. Mubaraka ta biyo ni tana ba ni haƙuri tun kafin a yi laifin.

"Baba, sannu da zuwa," in ji Doosuur. Ta jawo kujera. Hausarta tsaf, ta fi ta wasu 'ya'yanmu. "Na san abin da ya kawo ka."

"Tunda kin sani, a mayar."

"Ba mutuncinka na goge ba, Baba. Layi na goge."

"Layin da sunana."

Ta ce maganar magani a kundin tana da nata sharaɗi, ya fi na sauran tsanani. In za a ce abu na warkarwa, sai an samo shi a littafin da ake koyar da likitoci da shi, ko a takardar da masana suka tattara bincike da yawa suka auna su tare, ko a sanarwar hukumar lafiya. Ta ce ko likita ne ya zo ya ce ni na gani da idona, ba a ɗauka. Ko jarida ce ta buga, ba a ɗauka.

Mubaraka ta ce, "Anti, ai na samo wani bincike. An gwada rawayar a kan ɓeraye, hantarsu ta yi kyau."

Na dube ta. "Ɓeraye?"

"Eh, Baba."

"Madalla. Ni na tsufa ina ba mutane, ba a rubuta ba. Ɓera ya sha sau ɗaya, ya shiga littafi."

Doosuur ta yi dariya har da dafa tebur. Ta ce, "Kwantar da hankalinka, shi ma ɓeran ba mu karɓe shi ba. Ɓera ba mutum ba ne."

Wannan kaɗai ne abin hankali da na ji a shagon. Ni da ɓera an kore mu tare, ba wanda zai yi wa wani gori.

Sai ta daina dariya. Ta ce Mubaraka ta gaya mata Alamin na kwance. Ta ce rawayar ido alama ce, ba ita ce cutar ba. Wata takan wuce da kanta ko ba a sha komai ba. Wata ido ya washe, ita kuwa tana ciki tana cin hanta a hankali. Ba a bambancewa sai da gwajin jini. Ta ce in kai shi asibiti yau.

Na ce Alamin ba inda za shi. A gidana zai warke, da jiƙona, kuma da ƙafarsa zai zo shagon nan ta duba idonsa. Na ce mu a nan magana da shaidu take tabbata. Aure da shaidu, gona da shaidu, ganin wata da shaidu. Alƙali da rawaninsa mutum biyu yake nema. Ni zan kawo mata fiye da haka, dattawa, ba ɓeraye ba. Alamin shi ne na ƙarshe.

"Baba, ko ka cika shagon nan da dattawa, ba zan iya mayarwa ba."

"Sai kin gan su."

A hanya Mubaraka ta ce, "Baba, ni na yi kuskuren, a bar layin. Baffa Alamin dai a kai shi asibiti." Yara na yanzu, sati ɗaya da shiga abu sun fi mai shi imani.

Ranar Alhamis na shiga mota zuwa Shinkafi, ranar kasuwa. Akwai Wakili a can, dillalin albasa, tare muka yi ƙuruciya, kuma shi ma na taɓa ba shi saiwar. Na same shi zaune kan buhu yana faɗa da masu lodi.

"Kai, Gwadabe! Mi ya kawo ka? Ko geron ya ƙare ka zo bara?"

"Baran mi zan yi wurin mai warin albasa? Shaida nake so."

Na gaya masa. Ya buga cinya. Ya ce wallahi ya warke sarai, ga ido nan fari kamar nono, a kai shi gaban ko wace ce. Ya kira maƙwabtansa biyu, su ma suka ce sun ga lokacin da ya kwanta da lokacin da ya tashi. Raina ya yi fari.

Sai ya ƙara da cewa, "Ai na sha wuya a shekarar. Ga jiƙonka, ga rubutun liman, ga wani ruwa da aka ɗaura mini a hannu, ga rake da tsohuwa ta ce in yi ta sha."

"Wa ya tambaye ka wanga?"

"To ba shaida kake so ba?"

"In mun je, jiƙon kaɗai za ka faɗa."

"An gama. In kana so ma in ce ka ta da ni daga kabari."

Haka Wakili yake. Na ce ya shirya, zan aiko.

Babbar shaidata Sodangi ne, manomi daga Gurbin Bore. Shi da idona na ga komai. An kawo shi rumfata ba ya iya riƙe kansa, na ba shi saiwar, bayan ɗan lokaci ya dawo da kansa ya kawo mini zabo. Mutum ne mai kunya, ba ya ƙari a magana. In ya buɗe baki, ko Doosuur sai ta yi shiru. Na ji sun baro ƙauye sun koma cikin Zurmi saboda halin da ake ciki, kuma an jima ba mu haɗu ba. Waya a can wata rana ta shiga, wata rana babu.

Na sauka Zurmi da azahar. Na yi tambaya har aka nuna mini gidan da aka ba su aro a bayan kasuwa. Na yi sallama. Matarsa Sa'ida ta fito bakin ƙofa, ta durƙusa ta gaishe ni. Ta kawo ruwa.

"Ina maigidan?"

Ta dube ni. "Malam, saƙo bai iso ba? Ai ya rasu bayan kaka."

Na ajiye kwanon. Na yi salati, na yi masa addu'a. Sannan na ce me ya same shi.

Ta ce ba komai da farko, sai rama. Daga baya ciki ya kumbura kamar tulu, ƙafafu suka bi. Ido ya sake yin rawaya. A ƙarshe ya yi aman jini. Ta faɗa a hankali, ba kuka, kamar mai ba da labarin damina.

"Ba a kai shi asibiti ba?"

"An so. 'Yan'uwansa sun yi ta fama. Ya ce shawara kam Gwadabe ya riga ya raba shi da ita, wannan wani abu ne daban, zai wuce. Har ya cika yana yabon maganinka, Malam. Allah ya saka maka."

Da gaske take. Ba gatse a ciki. Na ce amin, na ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne. Ta ce da ma wani abu ne ya kawo ni? Na ce a'a, gaisuwa ce.

Direbobi ba sa bin hanyar Kaura in rana ta yi ƙasa, don haka na yi sauri na samu mota. An matse mu a baya ni da wata mata da kajinta.

Ni ɗan hatsi ne. In mutum ya kawo mini buhu ya buɗe baki ya ɗebo da hannunsa ya nuna mini, ba na ko kallo. Na san abin da ake sawa a sama. Ƙarfe nake sokawa a tsakiya, in soka a gindi, in ga abin da ya fito, ko mai buhun limami ne. Ba don ya yi ƙarya ba. Shi ma wani lokaci bai san abin da ke ƙasa ba. Na fara tuno waɗanda na ba saiwar. Waɗanda suka dawo da godiya na san su, su na shirya ɗebowa in kai shagon. Waɗanda ba su dawo ba, ban san inda suke ba. Na ɗauka aiki ne ya riƙe su.

Ban ce jiƙon ba ya aiki ba. Har yau ban ce ba. Uwarmu ba mahaukaciya ba ce. Amma shaidar da za a tara daga masu rai kaɗai, ni ba zan sayi ko tiya ɗaya da ita ba.

Na iso gida ana kiran magariba. Alamin na jingine da bango, kwanon jiƙo a gabansa. A hasken ƙofa na lura da ƙafarsa. Ta kumbura, har takalmin ya yi masa shaida a fata. Da safe ban duba ba.

"Yaya, ka dawo? Ina dattawan?"

"Tashi."

"Zuwa ina?"

"Asibiti."

Ya buɗe baki. "To ni da nake shaidarka ta ƙarshe?"

"An ɗage shari'ar. Sa rigarka."

Mubaraka ta fito da gudu, mayafi a hannu. Ta buɗe baki za ta yi magana, na ɗaga mata hannu. Ta rufe. Ta je ta tsayar da keke, muka kama shi muka sa a tsakiya. Ba shi da nauyin da na sani.

A asibiti suka ɗibi jini, suka kwantar da shi. Da safe likitan ya zo, yaro ne da ko gemu bai gama ba, da takarda a hannu. Komai nasu takarda. Ya ce ƙwayar cuta ce a hanta, irin wadda ke zama, ba irin mai wucewa ba. Ya ce hantar ta taɓu amma ba ta gama ba. Za a tura shi Gusau a ƙara dubawa, kuma magani ne na dogon lokaci, ba na sati ba.

"Zai tashi?" na ce.

"Muna sa rai, Baba. Gara da kuka zo yanzu."

Alamin ya ce, "Likita, tuƙi fa?"

"Bari ƙafar ta saɓe tukuna."

Sannan likitan ya ce me ake ba shi a gida. Alamin ya dubi silin. Mubaraka ta dubi ƙasa. Na ce saiwar rawaya da tsamiya, safe da yamma, ni na haɗa. Bai yi dariya ba, na yaba masa da wannan. Ya rubuta. Ya ce a dakata da shi, kada a haɗa wa hantar aiki biyu. Na ce an dakata.

Ya ce akwai abu ɗaya. Irin wannan ƙwayar takan bi gida, wani lokaci tun daga uwa. Duk wanda suka fito ciki ɗaya da shi, da matarsa, da 'ya'yansa, a gwada su. Wata ma'aikaciya ta matso da tire, ta ce wa za a fara da shi.

Alamin ya ce daga kan gado, "A fara da Yaya. Shi ne babba."

Na zauna, na naɗe hannun riga. Ta ɗaure mini dantse da roba. Na juya kai na dubi bango, don ni da allura ba mu taɓa shiri ba.