Jar Riga a Layin Ƙidaya

Shekara uku ina shiga gidan yari duk Laraba ina koya wa fursunoni wasan kwaikwayo, ban taɓa haɗuwa da mai taurin kai irin Kafinta ba. Dattijo ne, ba ya karatu, sai na karanta masa ya haddace. Wasan ya girmi kakanninmu: wani sarki ne ya tafi yaƙi ya bar 'yarsa a goye, ya dawo da furfura yana neman gafararta. Kafinta ya kafe shi zai yi sarkin. Tasa 'yar ta yi shekara goma sha ɗaya ba ta leƙo shi ba, kuma ya ce idan ba da bakin sarkin ba, ba zai iya roƙonta ba.

Sau huɗu ina zuwa shagon ɗinkinta kafin ta yarda. Ta ce sau ɗaya za ta zo, daga shi kada in ƙara taka mata shago.

Ranar wasa 'yar ta zo, ta zauna a layi na uku rungume da jaka. Ni kuma, da shegen rawar kaina, tun ƙarfe uku na sa Kafinta ya ɗora jar rigar sarki a kan kayan fursuna, wai kada mu makara.

Ƙarfe huɗu ake ƙidayar fursunoni. Gandiroban sabo ne, shuɗin kayan fursuna yake ƙirgawa, ba fuska ba. Ya wuce Kafinta yana tsaye kusa da ni, ya ɗauka abokin aikina ne. Mutum ɗaya ya ɓace ke nan! Aka busa usur, aka kora baƙi waje tun ba a fara wasan ba, aka rufe kowa a ɗakinsa. Na yi ihu har muryata ta dishe, babu wanda ya saurare ni. Kafin lissafi ya cika, awa biyu ta wuce.

Na tarar da 'yar Kafinta a bakin titi tana tsayar da mota. Ta ce ta cika alkawarinta.

Da Laraba ta zagayo Kafinta ya miƙo mini rigar a ninke. Na so ya zage ni, wallahi da na ji sauƙi.

"Malama," ya ce, "ke kin gan ta. Da wa take kama yanzu?"

"Da kai, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya ce in ba wani rigar ya yi sarkin.