Takwarar 'Yar Mai Rini

Labaran direba ne a tashar Kawo, yana jigila tsakanin Kaduna da Kano da wata farar bas wadda ba tasa ba. Bai yi nisa a boko ba, amma Allah ya ba shi kunnen sauraro. Matarsa Dije ce mai karatun. In ya dawo da yamma ya ci tuwo, sai ta ɗauko littafin da ta karɓo haya wajen mai tebur na bakin layinsu, ta riƙa karanta masa yana kishingiɗe a kan tabarma.

Duk cikin littattafan nan babu wanda ya shiga ran Dije kamar 'Yar Mai Rini. Labarin wata yarinya ce Rahmatu, wadda ta riƙe ƙannenta bayan rasuwar ubansu, ga haƙuri, ga baki in an taɓa ta. Sun karanta na ɗaya, sun karanta na biyu. A shafin ƙarshe shagon kawunta ya kama da wuta, aka kuma ga Rahmatu tana fitowa ta bayan shagon da galan ɗin kananzir a hannu. Nan marubucin ya tsaya, ya ce sai a littafi na uku.

Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, na uku shiru. Mai tebur in ya hango Dije tun daga nesa yake ɗaga hannu yana cewa bai zo ba. Matan layin kuwa sun rabu biyu, wasu na cewa ita ta sa wutar, wasu na cewa sharri ne.

Ana cikin haka Dije ta samu ciki na uku. 'Ya'yansu biyu maza ne, duk Labaran ya zaɓa musu suna, don haka ya yi mata alkawari in mace ce ita za ta zaɓa. Ranar wata Asabar kuwa ta haifi mace.

Da ya shiga ɗaki zai yi wa jaririya huɗuba, ya ce, “To, Rahmatu ke nan ko?”

Dije ta janye yarinyar. “Tsaya tukuna, Maigida. In ita ta sa wutar fa?”

“Haba Dije, ai labari ne.”

“Labari ne a wurinka. Duk matan layin nan sun san inda na samo sunan. Gobe littafi ya fito a ce ita ce, su Balki maƙwabciyarmu su riƙa kiran 'yata mai kananzir har ta yi aure? Ka nemo mini na uku kafin suna.”

“In ban samu ba fa?”

“Sai ka sa mata sunan gwaggonka Hansai, in ga yadda za ka yi da masu faɗa biyu a dangi ɗaya.”

Labaran ya yi dariya, amma abin ya dame shi. Ya san tun cikin yana ƙarami take kiran abin da ke cikinsa Rahmatu in ta ɗauka ba ya ji.

Ranar Litinin da ya sauke fasinja a Kano, ya bar motar a layi ya shiga kasuwa wajen masu sayar da littattafai. Na farko ya ce bai fito ba. Na biyu ya ce ya ji an ce marubucin ya tafi Makka bai dawo ba. Na uku, wani dattijo mai tabarau, ya dube shi ya ce, “Daga ina kake?”

“Daga Kaduna, Baba.”

“Ka baro shi a gida ka zo nan kana wahal da mu. Malam Rabe ai mutumin Doka ne, ma'aikacin gwamnati. In ka gan shi ka ce masa mu ma mun gaji da ba mata haƙuri.”

Washegari bayan la'asar Labaran ya sa rigarsa ta Juma'a ya nufi Doka. Da tambaya ya samu gidan. Ya yi zaton zai ga babban mutum mai tumbi, sai ga wani siriri ya fito da buta a hannu. Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Suka gaisa, aka tambayi aiki, aka tambayi iyali, sannan Labaran ya ce an yi masa ƙaruwa.

“Masha Allah, Allah ya raya. Me aka samu?”

“Mace, ranka ya daɗe. Abin da ya kawo ni ke nan. Wai don Allah, Rahmatu ce ta sa wutar?”

Malam Rabe ya ajiye butar. Ya ce an sha tare shi a kan wannan magana, a ofis, a masallaci, har a wajen jana'iza, amma ba a taɓa biyo shi gida da maganar jariri ba. Labaran ya kwashe komai ya faɗa masa, har da zancen Gwaggo Hansai.

Malam Rabe ya sosa ƙeya. “Gaskiya, Malam Labaran, yadda na tsara, ita ce.”

“Innalillahi! Yarinyar da ta sayar da ɗan kunnenta ta kai ƙaninta asibiti?”

“Ai kawun ya cuce su.”

“Ko da ya cuce su. Ranka ya daɗe, ni ban san ta kamar yadda ka san ta ba, amma ba halinta ba ne.”

Sai muryar matarsa ta fito daga bayan ƙyauren cikin gida. “Faɗa masa dai, bawan Allah! Shekara biyu ina faɗa masa haka.”

“Jummai, baƙo nake da shi.”

“Na ji baƙon ai. Ya rubuta ya yaga, ya rubuta ya yaga, takardun da na hura wuta da su sun isa littafi huɗu. Hannunsa ya ƙi rubuta ita ce, bakinsa ya ƙi cewa ba ita ba ce.”

Malam Rabe ya yi murmushin jin kunya. Ya rage murya ya ce, “Matsalar ita ce, in ba ita ba ce, to wa? Kuma me take yi da galan a bayan shago?”

“Wannan kuma aikinka ne, ranka ya daɗe. Ni tuƙi na iya. Suna dai ranar Asabar ne, rago na ɗaure a gida, liman zai tambaye ni.”

Malam Rabe ya nisa ya ce, “Je ka raɗa mata suna. Ba zan kunyata takwarar 'yarka ba. Wanda ya sa wutar kuma, zan nemo shi ko a ina yake.”

Daga ciki Jummai ta rangaɗa guɗa.

Labaran ya dawo Kawo bakinsa har kunne. Tun daga ƙofar ɗaki ya ce, “Ba ita ba ce! Daga bakin mai littafin na ji.”

Dije ta rungume jaririyar ta ce alhamdu lillahi. Jim kaɗan kuma ta ɓata fuska. “To yanzu ka ɓata mini labarin. Me zan karanta in ya fito?”

“Dije, ke fa kika aike ni.”

“Littafi na ce ka kawo, ban ce ka faɗa mini ba. Wa ya sa wutar?”

“Shi ma bai sani ba.”

Ranar Asabar da hantsi maza suka taru a ƙofar gida, aka raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya ce an samu Rahmatu. Malam Rabe ma ya zo, ya zauna can gefe ya ja hula, don ya roƙi Labaran kada ya faɗa wa kowa ko shi wane ne. Bai san Jummai ta riga ta shiga wajen mata ba.

Da aka fara fito da abinci, kowa aka ajiye masa kwanon waina da miya. Shi kuwa da ya buɗe nasa, sai ya tarar babu komai a ciki. Balki maƙwabciya ta leƙo daga zaure ta ce, “Malam, matan gida suna gaisuwa. Sun ce wainarka tana nan da zafinta, amma sai a kwano na uku.”

Maza suka fashe da dariya. Malam Rabe ya ɗaga hannu ya ce ya yi alkawari kafin azumi.

Balki ta ce, “Azumin bana ko na baɗi?”

“Na bana, wallahi na bana.”

Aka shiga aka yi shawara, aka daɗe. Sannan aka fito masa da waina biyu, aka ce sauran sai an ga littafi. Labaran ya tausaya masa, ya matso da nasa kwanon tsakaninsu, suka ci tare.