Ɗakin Goron Kawu Dalhatu

Zuwaira ta ajiye gwangwanin jan fenti a kan tubali, ta durƙusa ta gaishe da kawunta kafin ta ce komai. Kawu Dalhatu yana tsaye cikin ginin da bai kai ga rufi ba, ƙafafunsa duk laka, yana nuna wa magina inda za su bar taga.

"Lafiya lau, 'yar biro," ya ce. "Kin zo ganin aiki ne, ko kin zo da aiki?"

"Na zo da aiki, Kawu."

Bayan Faransawa sun tafi, hukumar garin Parakou ta sa aka kafa turaku masu jan kai a bakin rafin da ke bayan unguwar Tourou, daidai inda ruwa ke kaiwa idan ya cika. Ƙasa da turakun a yi lambu, a yi wanki, amma ba gini. Zuwaira ce mace tilo a ofishin awon ƙasa, wanda mutane ke ce wa biro, kuma da ita aka kafa su, tana riƙe da igiyar awo, matan unguwa suna leƙe suna dariya. Ɗakin ajiyar goron da Kawu ke ginawa kuwa ƙasa da turakun yake. Da safen nan shugabanta ya ce zai tura dogari ya sa wa ginin alamar rushewa, tunda mai shi ɗan'uwanta ne. Ta ce a'a, a ba ta fentin.

"Zo ki taɓa," Kawu ya ce, ya ɗora tafinsa a bango. "Kin ji sanyi? Goro ba gishiri ba ne da za a jibge shi ko'ina. Kwana kaɗan a ɗaki mai zafi, huhu ya bushe, ya yi baƙi. Kakanki a Djougou kusa da ruwa yake ajiye nasa, haka ubansa."

"A Djougou rijiya ce a bayan ɗakin, Kawu. Rijiya ba ta fitowa daga raminta. Wannan rafin da rani kuka san shi, ba ku gan shi da damina ba."

"To, ga malama!" Ya juya ga maginan. "Ni na ɗauke ta a keke na kai ta lakwal, makarantar Nasara, kowa na zagina. Yau ta dawo mini da buroshi."

Maginan suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Babbansu, Idrisu, ya ce, "Ranki ya daɗe, a matsar da turken mana, ai ba saiwa gare shi ba."

"Shi rafin ma sai ka roƙe shi ya matsa," ta ce.

Ta tsoma buroshi, ta ja layi biyu a giciye a kan ɗanyen bangon. Ta sake durƙusawa ta yi sallama. Kawu ya juya ga maginansa.

Labari ya riga ta zuwa gida. Innarta, Mairamu, tana tankaɗe a tsakar gida, kusa da huhunan goron Kawu da mota ta kawo daga Djougou, an lulluɓe su da tabarma a inuwar mangwaro.

"Yayana ne fa," ta ce, ba ta ɗago kai ba. "Da wane ido zan dube shi?"

"Da idon da za ki dube shi in ruwa ya shiga ya same shi a ciki, Inna?"

"Ki yi mini shiru. Bakinku na 'yan lakwal ba ya gajiya."

Zuwaira ta saba jin haka. Ta shiga ɗakinta, na ƙuryar gida, wanda rana ba ta duka sai da yamma liƙis. Shi kaɗai ne abin da ta taɓa cewa nata. Ta naɗe katifa, ta fitar da tebur da fitila da akwatin littattafai, ta kai su lungun ɗakin Inna. Ta share ƙasan tas.

Bayan la'asar Kawu ya shigo duba goronsa. Ya ga kayan a ƙofa, ya ga ɗakin wayam. Ya cire takalmi ya shiga, ya taɓa bangon gabas, ya taɓa na yamma, ya tsuguna ya shafa ƙasa.

"Da ɗumi," ya ce.

"Ɗuminsa bai kai na inuwar mangwaro ba," in ji Zuwaira.

"Sai an zuba yashi. Sai an riƙa yayyafa ruwa safe da yamma, kullum, ba fashi. Innarki ba ta da gwiwa. Wa zai yi?"

"Ni."

Ya dube ta daga ɗankwali har takalmin biro. "Ma'aikaciyar gwamnati da tulu a ka?"

"Doka ba ta hana ɗibar ruwa ba, Kawu."

Ya miƙe tsaye. Daga nan ya leƙa waje ya ce, "Mairamu, kama mini huhun nan." Da suka shigar da na farko, ya kwance bakinsa, ya zaɓi fari guda ya fasa. Ya ba ƙanwarsa ɓari, ya riƙe ɗayan yana juya shi a hannu, can ya jefa shi a bakinsa.

Zuwaira ta cire takalmanta, ta ɗauki tulu ta nufi rafi.